Rumbu Da Bakin Dangi

A ƙasar Matazu da Musawa, har zuwa Malumfashi da Funtuwa, lokacin kaka shi ne lokacin biki. An yanke dawa, an ɓare masara, an sayar da auduga da waken suya, kuɗi sun shigo hannu. Daga Nuwamba har bayan Kirsimeti da wuya mako ya wuce ba aure ko suna. A wurin irin wannan taro ne a kan ji wani ya ɗaga murya ya ce, "Kai, ashe har yanzu wannan riga tana nan? Ai da ita aka yi sunan ɗanka na fari." Jama'a su yi dariya. Wani kuma ya ƙara, ya ce, "Ku ƙyale shi, hannun jarirai gare shi. Rumbu uku a gida, amma kullum miyar kuka ba nama." Wanda a ke yi da shi ya yi murmushin yaƙe, ya koma gida da zafi a zuciya. Matarsa kuwa ta riga ta sha nata a wurin mata, gama an duba zanenta, an kuma ƙidaya abin da ta kawo.

Darasinmu na wannan wata a kan wannan mutum ne, domin yana cikin ko wace ekklesiya tamu. Watakila kai ne, mai-karatu. Da bare ne ya faɗi maganar, da ta wuce kamar iska. Amma kawu ne ya faɗa, ko gwaggo, ko wanda kuka sha nono ɗaya, kuma gobe ma za ku haɗu. Waɗansu su kan ji zafin gorin har su fasa rumbu, su yi bikin da ya fi ƙarfinsu domin a daina kiransu marowata. Waɗansu kuwa su kan ɗauke ƙafa daga gidajen dangi, su ce ba su ba kowa. Na fari ya sayi yabon kwana biyu da abincin 'ya'yansa. Na biyu ya tsira da hatsinsa, ya rasa 'yan'uwansa. Akwai hanya ta uku, amma kafin mu kai gare ta sai mun duba dalilin mai-tattali, mu duba dalilin dangi kuma.

Lissafin Manomi

Ma'aikaci yana da ƙarshen wata goma sha biyu a shekara. Manomi kuwa ƙarshen wata ɗaya ne gare shi, watau kaka. Abin da ya shiga rumbu a Nuwamba shi zai kai gida har wata kaka.

Bari mu yi lissafi. Mu ce gida mai mutum goma yana cin tiya biyu ta hatsi a rana. Buhu ya kan ɗauki kamar tiya 40. Buhu ɗaya ke nan kwana 20, shekara kuwa buhu 18 da ɗan ɗori. To, idan mai-gidan nan ya sami buhu 30, dangi za su ce ya yi arziki. Amma abin da ya ragu bayan tuwo kusan buhu 12 ne kaɗai, kuma a cikinsu ne taki ya ke, da kuɗin ƙwadago, da kuɗin makaranta, da magani in ciwo ya zo, da baikon ekklesiya. Wanda ya tsaya a ƙofar gida yana ganin rumbu uku. Mai-gida kuwa yana ganin watan Agusta, sa'anda ruwa ke zuba, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba.

Kakanninmu sun san wannan sarai. Tsofaffi sun ba da labarin yunwar 1914 wadda aka kira Ƙaƙalaba, akwai kuma masu rai da yawa da suka ga farin 1973 da idonsu. A 1967 wata Baturiya mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina tana nazarin zaman manoma, littafinta ya fito a 1972. Ta ga cewa mai-ƙarfi ya kan riƙe hatsinsa har ya yi tsada, matalauci kuwa ya kan sayar tun da kaka da araha, sa'an nan da damina ya koma saye da tsada, ko ya ci falle, watau ya ranci dami ya biya da kaka, sau da yawa biyu a madadin ɗaya. Daga nan sai ya bar tasa gona cikin ciyawa ya tafi ƙwadago a ta wani, baɗi kuma abin ya fi na bana muni. Kada wani ya ce wauta ce ke sa matalauci sayarwa da wuri. Yawanci dole ce. Amma wanda Allah ya ba shi ikon riƙewa, ya saki domin tsoron bakin mutane, shi ya jefa kansa cikin wannan rami da hannunsa.

Namu zamani bai fi sauƙi ba. A farkon 2023 takardun naira suka yi wuya, mai-kuɗi a banki ya rasa na cefane, mai-hatsi a ɗaka kuwa ya ci tuwonsa. Ran 29 ga Mayu na wannan shekara aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na kaya suka hau. A 2024 hatsi ya yi tsada ƙwarai. A 2025 kuma farashinsa ya faɗi, taki bai sauko ba, waɗanda suka tara buhuna domin riba suka yi kuka. Wannan na ƙarshe abin lura ne. Ajiyar ciniki tana iya cin mai ita, ajiyar tuwo ba ta taɓa ba mutum kunya ba.

Abin Da Dangi Su Ke Nema

Yanzu mu juya mu ji ta bakin dangi, gama ba duka ba ne mahassada. Wani malami mai suna Paul Clough ya zauna a Marmara ta ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970, ya yi ta komowa daga baya, littafinsa ya fito a 2014. Kalma ɗaya da ya riƙe daga bakin mutanen wurin ita ce hidima. Ya ga cewa manomi ko ɗan kasuwa ba ya tara dukiya domin kansa shi kaɗai, amma girmansa yana tafiya tare da yawan mutanen da ya ke ɗauke da nauyinsu: ya ciyar, ya aurar, ya ranta, ya tsaya wa na ƙasa da shi. Mu ba mu bukaci littafi ya gaya mana wannan ba. A cikin gandu muka tashi, da gayya aka nome gonakin iyayenmu, wataƙila kawun nan mai-gori shi ya sayar da akuya aka biya maka kuɗin makaranta.

Saboda haka sa'anda ɗan'uwa ya ce maka marowaci, sau da yawa abin da ke ƙarƙashin maganar tambaya ce: har yanzu kai namu ne? In na faɗi za ka ɗaga ni? Ya yi tambayar da mugun baki, a gaban jama'a, a inda bai kamata ba. Duk da haka tambaya ce mai hakki.

Littafi Mai-Tsarki ya nuna mana mutum biyu masu rumbu. Na ɗaya Yusufu ne, cikin Farawa sura 41. Shekara bakwai na ƙoshi yana karɓar kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar yana ajiyewa. Da yunwa ta zo ya buɗe, ƙasa ta rayu, har 'yan'uwansa waɗanda suka yi masa ba'a suka sayar da shi, su ma daga wannan ajiya suka ci. Na biyu shi ne mai-arzikin nan na cikin misalin Yesu, Luka sura 12, wanda gonarsa ta yi albarka, ya yi niyyar rushe rumbunansa ya gina manya, ya shirya hutawa da ci da sha, a daren nan kuwa aka karɓi ransa. Dukansu biyu sun tara. In ka karanta shawarar da na biyun ya yi da zuciyarsa za ka ga babu ko mutum ɗaya a cikinta sai shi. Wannan shi ne bambancin tattali da rowa, ba tsufan riga ba, ba kuwa yawan nama a miya ba. Mai-tattali ya kan matse kansa domin waɗansu. Marowaci ya kan matse waɗansu domin kansa.

To, kafin ka yi fushi da gori, ka zauna ka tambayi kanka gaskiya. Yaushe rabon da uwarka ta ci daga rumbunka? Gwauruwar wanka da marayunsa fa? Matarka tana roƙon kuɗin sabulu kamar baƙuwa? Bulus ya rubuta wa Timoti da zafi a kan mai-bi wanda ba ya kula da mutanen gidansa. Yesu kuma, cikin Markus sura 7, ya tsauta wa waɗanda su ke keɓe dukiya da sunan Allah domin su hana iyayensu. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da yawancinmu mu ke da dangi waɗanda ba masu-bi ba ne. Mutum ya daina ba da dawa domin giyar biki, ya yi daidai. Amma idan dawar nan da ya hana ba ta koma tuwo a gidan tsohonsa ba, dangi za su ce bangaskiyarsa wata dabara ce ta rowa, kuma da wuya a ce sun yi ƙarya.

Rabon Dangi Tun Daga Masussuka

Ga hanya ta uku. Kada ka jira sai an yi maka gori ko an zo roƙo kafin ka san abin da za ka bayar. Ran da aka gama sussuka aka auna, ku zauna da matarka ku raba: ga na tuwo, ga na iri da taki, ga na Ubangiji, ga na makaranta da ciwo, ga kuma na dangi. Ko buhu biyu ne, ko tiya goma, gwargwadon ƙarfinka. Ka ware shi dabam, ka san ba naka ba ne kuma. Na iyaye da na gwauraye kai za ka kai da ƙafarka tun ba su tambaya ba, gama zumunta a ƙafa ta ke. Saura ka riƙe domin damina.

Amfanin wannan biyu ne. Zuciyarka za ta kwanta, domin wanda ya san ya fid da hakki, gori ba ya shigarsa kamar wanda bai fitar ba. Kuma za ka sami iyaka. Mutumin da ba shi da iyaka ya kan ba mai-tsiwa ya hana mai-kunya, domin mai-tsiwa ne ke zuwa ƙofa, mai-kunya kuwa tana ɗaka da yunwarta. A yanzu da ko wane ƙane yana da waya, yana iya cewa a turo masa ko da tsakar dare, wannan iyaka ta fi zama dole.

Ku yi wannan rabo tare da uwargida, ba kai kaɗai ba. Ita ce ke shan mafi yawan maganar. Cikin mata biki bashi ne, abin da aka kawo mata ran sunan ɗanta ana jira ta mayar, har da ƙari. Idan ka hana ta abin mayarwa ba tattali ka yi ba, ka sa ta cin amana ne a idon 'yan'uwanta. Amma idan da ita aka yi lissafin, ta san dalilin da ya sa bana babu sabon zane, za ta iya ɗaga kai a cikin taro.

Amsa

Ba ko wace magana ce ke neman amsa iri ɗaya ba. Akwai ta wasa. Taubashinka, ko kakarka, ko ƙanin matarka, al'ada ta ba su bakin tsokana, wanda ya yi fushi da su shi ya faɗi. In taubashi ya taɓa rigarka, ka yi dariya ka ce, "Ai tana jiran ka saya mini sabuwa ne, shekara nawa ina zuba ido." A yi dariya a wuce. Mutane da yawa sun ɓata zumunci a kan maganar da ba ta wuce wasa ba.

Akwai kuma wadda ba wasa ba ce. Kawu ya faɗa da nufi, a gaban surukai. A nan ne jini ke tafasa, amsa kuma tana kan harshe: ka tuna masa bashin da ke kansa, ko gonar da ya jinginar domin auren ɗansa. Kada ka faɗa, ko da shi ke gaskiya ce. Magana zarar bunu ce. Shi na gaba ne, jama'a za su manta da abin da ya ce, su riƙe abin da ka ce. Littafin Misalai ya koya mana cewa amsa mai taushi ita ke kwantar da fushi, kuma ko wane dattijo a ƙauye zai gaya maka haka. Ka ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu. Zan shigo gida in gaishe ka." Sa'an nan ka cika alkawari, ka tafi. A zaure, ku biyu, ka tambaye shi ko akwai abin da ka gaza. Sau da yawa a nan ne ainihin maganar ke fitowa: ya yi ciwo bara ba ka zo ba, ko an yi maganar auren 'yarka ba a shawarce shi ba. Ba kuɗi ba ne ma. In kuwa ka ga babu kome sai hassada, ka gaya masa da ladabi cewa maganar ta yi maka zafi, ka roƙe shi in yana da faɗa ya kira ka gida ya yi. Idan ya ci gaba, ka sa wani dattijo na dangi ko na ekklesiya a tsakani. Ba dole ne ka zauna ko wane wuri a ke cin mutuncinka ba. Kana iya gaisuwa, ka yi abin da ya kawo ka, ka tashi.

Abu biyu ne mai-tattali ya kan faɗa ciki sa'anda ya ke kāre kansa. Na fari ƙarya. "Wallahi ba ni da ko kwabo," alhali kuwa kowa ya ga amalanke ta shiga gidanka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ran da aka gan ka da sabon buhun taki an gama yarda da kai. Ku tuna da Hananiya da Safiratu cikin Ayyukan Manzanni sura 5. Bitrus ya nuna wa Hananiya cewa gonar tasu ce, kuɗin kuma a hannunsu su ke, ba wanda ya tilasta musu. Abin da ya kashe su ƙarya ce. Tsakanin "ba ni da shi" da "ba zan iya ba" akwai nisa. Ƙanenka ya bugo waya yana neman kuɗin babur, ka ce, "Ƙanena, wannan ya fi ƙarfin abin da na ware bana. Ba zan iya ba. In kuɗin makarantar yara ne, zo mu duba." Zai ji zafi yau. Amma ya fi "sai wani mako" wadda za ta sa ya yi ta safa da marwa har wata uku, a ƙarshe ya tafi da hannu wofi da ƙiyayya.

Na biyu shi ne tona cikinka. Domin ka wanke kanka sai ka shiga lissafa wa taro buhu nawa ka samu, nawa ka sayar a Dandume, wa ka ba, wa ka ranta wa. Ka tona asirin waɗanda ka taimaka, ka kuma ba masu-gori sabon abin magana. Ciki ba domin tuwo kaɗai aka yi shi ba. Lissafin gidanka na ka ne da matarka.

A nan akwai magana ga masu-gorin kansu, gama su ma suna karanta wannan takarda. Dā in an ce wane ya binne kuɗi a ɗaka, abin dariya ne. Yanzu ba haka ba ne. Tun kafin a kwashe yaran makarantar Ƙanƙara sama da 300 a Disamba 2020, har bayan haka, ƙauyukan kudancin Katsina sun sha ɗaukar mutane domin kuɗin fansa, kowa kuma ya sani ɓarayin nan da kunnen cikin gari su ke aiki. Wanda ya tsaya a taron biki yana shelar rumbunan ɗan'uwansa da shanunsa bai san kunnen wa maganar za ta faɗa ba. Baki shi ke yanka wuya, wani lokaci kuwa wuyan wani ya ke yanka. Idan ɗan'uwa yana yi maka irin wannan a fili, ka same shi a keɓe ka gaya masa wannan dalili ƙarara. Ko mai-taurin kai ya kan gane shi.

Sa'anda Agusta Ta Zo

Wata bakwai ko takwas bayan bikin, ruwa ya zauna, dawa ta kai gwiwa ko ƙugu, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Wata rana da yamma sai ka ji sallama, ka fito, ga kawun nan. Ya zauna, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi maganar ruwa da ta taki, ya kasa faɗin abin da ya kawo shi. Kai kuwa ka sani.

Wannan ita ce sa'a mafi wuya cikin dukan al'amarin, ta fi ranar gorin wuya, domin yanzu kai ke da iko. Zuciya za ta ce ka tambaye shi ko ya tuna da tsohuwar riga. Yusufu ma ya sami irin wannan sa'a, 'yan'uwansa a durƙushe a gabansa, ya juya ya yi kuka, ya sa aka cika musu buhuna. Kada ka bari kawu ya kai ga roƙo. Ka riga shi, ka ce, "Kawu, dā ma akwai ɗan abin da na ajiye muku, ina shirin aikowa." Ba ƙarya ka yi ba, gama tun kaka ka ware shi.

In rabon dangi ya riga ya ƙare, ka gaya masa haka, ka faɗi abin da za ka iya, ko tiya biyar ce, kada ka taɓa iri. In yana da samari a gida kuma kana neman hannu a gona, ka ba su aikin ka biya su cikakken lada a ranar, ba ragin zumunci. Abin da ka bayar kyauta ka ce kyauta ce, abin da ka ranta ka ce rance ne, dami ɗaya a bakin dami ɗaya. Kuma kada ka sa dattijo ya ratsa gari da ƙunshin hatsi a ka. Ka raka shi bakin hanya, bayan almuru ka aiki yaro ya kai masa gida.